Ba Kullum Ne Saura Ta Ke Warkar Da Gona Ba

Ya ku dagatai da manoma, in shinkafa ko rake ya tsumbure a fadama, ganye ya yi rawaya ko da ya ke akwai ruwa da taki, mu kan ce ƙasa ta gaji, mu bar ta saura. A ganina wani lokaci wannan magani ba ya kai ga ciwon, gama ciwon yana cikin saiwa.

Akwai wata tsutsa siririya wadda ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Ta kan huda saiwa ta zauna tana tsotso. Macen ta kan kumbura da ƙwai har ta fasa bayan saiwar, ta fito fara kamar ƙwayar yashi. Sa'an nan ta mutu, fatarta ta taurare ta yi ja-ja, ta zama jaka mai ƙwai ɗaruruwa a ciki. Jakar nan ta kan kwana cikin ƙasa shekaru, rani bai kashe ƙwan ba.

Wani Bajamushe, Hermann Schacht, shi ya fara ganin irinta a 1859, a saiwar gwozar da a ke yin sukari da ita a Jamus. A 1963 aka sa wa wata 'yar'uwarta suna, wadda aka samu a rake a Kwango, daga baya kuwa aka same ta a rake da shinkafa a Nijeriya.

To, shinkafa da rake dangin ciyawa ne, tsutsar kuwa tana cin saiwar waɗansu ciyayin daji kamar kiri-kiri da tuji. Wanda ya bar gona ga ciyawa, watau ya ba ɓarawo masauki ke nan.

Sabo da haka shawarata uku ce. Ku tuge tsiron da ya tsumbure, ku duba saiwa da kyau. Ku shanya ƙasar wurin, ku zuba a farin kwano da ruwa, gama busasshiyar jaka ta kan taso sama. In kun ga alama, ku kai wa malamin gona, ku shuka wake ko gyaɗa ko albasa a wurin 'yan shekaru, kuna nome ciyawa sarai. Kada kuma a ɗauki dashe ko fartanya da ƙasarta zuwa gona mai lafiya.

Dagaci ya tuna ruwan fadama ba ya sanin iyakar gona, ya kan kwashi jakar daga ta wani zuwa ta maƙwabci. Aikin na gari duka ne. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.