Jibiya da Katsina: tazarar mai albashi da mai jiran a buɗe boda

Daga birnin Katsina zuwa Jibiya tafiya ce da ba ta kai awa guda ba, in da direba zai miƙe hanya ba tare da shingayen bincike sun yi ta tsayar da shi ba. Jiha ɗaya ce, masarauta ɗaya, harshe ɗaya. Amma da za a tambayi nawa ne ke shiga aljihun mutumin birni a wata, nawa ne kuma ke shiga na mutumin Magama da ke bakin iyakar Nijar, babu ofishin gwamnatin da zai fito da amsa a rubuce. Abin da ake da shi alƙaluman jiha ne dunƙule. Rahoton talauci da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar kan binciken 2018 zuwa 2019 ya ce kashi 40 cikin 100 na 'yan Najeriya suna rayuwa da ƙasa da naira 137,430 a shekara, wato kimanin naira 376 a rana. A Katsina adadin ya kai kashi 56, a Sakkwato ya kusa 88, a Legas kuwa bai kai 5 ba. Rahoton ya nuna talaucin karkara ya kai kashi 52, na birane 18. Daga nan lissafi ya tsaya. Ƙananan hukumomi 34 na jihar an zuba su a tukunya ɗaya an dama, har ba a gane Funtuwa mai masara da auduga daga Batsari da 'yan bindiga suka hana noma.

Matsakaicin kuɗin shiga kansa ma'auni ne mai ruɗi, musamman a garin kan iyaka. A ɗauki mutum goma a tashar Magama: tara 'yan dako ne da 'yan acaɓa da masu tallar abinci, kowanne na samun naira dubu ɗaya a wuni, na goman kuma babban ɗan kasuwa ne da ya ci ribar dubu casa'in da ɗaya a kan mota guda. In an raba, sai a ce kowa ya samu dubu goma, alhali tara daga cikinsu ba su ga ko ƙurar wannan kuɗi ba. Shi ya sa wanda ya ga tireloli jere a hanyar Maraɗi, da gidajen mai birjik, da 'yan canji riƙe da damman naira da sefa, zai iya ɗauka Jibiya ta fi yawancin garuruwan jihar arziki. Dukiya na wucewa ta garin, wannan gaskiya ne, sai dai masu kayan suna Kano da Katsina da Maraɗi, harajin kwastam kuma asusun tarayya yake tafiya. Abin da ke saura a gari shi ne ladan lodi da sauke kaya, da la'adar dillali, da kuɗin mota, da cinikin mai shayi.

A ganina, babban bambancin da ke tsakanin birnin Katsina da Jibiya yana ga tabbacin samu, fiye da yawan abin da ake samu. Birni na tsaye ne a kan albashi: sakatariyar jiha, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, Kwalejin Hassan Usman, asibitin koyarwa na tarayya, bankuna, barikin soja. Ko ma'aikaci ƙaramin albashi gare shi, ya san ƙarshen wata na zuwa, mai shago ya san haka shi ya sa yake ba shi bashi, mai gidan haya ma ya sani. Kuɗin nan ne ke zagayawa har ya kai ga tela da mahauci da mai ƙurƙura. Jibiya kuwa arzikinta kamar famfo yake wanda makunninsa ke Abuja. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa. A Disambar 2020 aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum, aka bar Jibiya a garƙame sai Afrilun 2022. Ba a yi wata goma sha shida ba sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ta Nijar a ranar 26 ga Yulin 2023, takunkumin ECOWAS ya biyo baya, aka sake rufewa har zuwa Maris ɗin 2024. Duk wanda ya ƙirga zai ga cewa cikin wata kusan 55, bodar ta yi wajen wata 39 a rufe. Da a ce albashin ma'aikatan jiha aka riƙe na tsawon wannan lokaci, da ƙasar nan ba ta zauna lafiya ba.

Rufe boda ma ba shi kaɗai ba ne. A Nuwamban 2019 hukumar kwastam ta hana kai man fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, lamarin da ya bar manomi mai injin ban-ruwa da ɗan acaɓa a hannun 'yan bumburutu. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari, don daƙile 'yan bindiga, ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama har da ta Jibiya, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13. Kowane mataki da hujjarsa, wasu ma hujjoji ne masu ƙarfi. Abin lura shi ne duk a kan mutum guda suka sauka: wanda ba shi da albashi, gonarsa na bakin daji, kasuwarsa a rufe, wayar da zai kira abokin cinikinsa na Ɗan Isa ko Maraɗi kuma ta mutu.

Za a ce ai yawancin abin da mutanen boda suka rasa kuɗin fasa-ƙwauri ne, kuma gwamnati ba za ta yi makokin ribar shinkafa 'yar waje ba. Akwai gaskiya a ciki. Tun 2016 aka haramta shigo da shinkafa ta iyakokin kan tudu, kuma lokacin tallafin mai, jarkokin fetur da ke tsallakawa Nijar kuɗin talakan Najeriya ne ke zurarewa. Amma cinikin Katsina da Maraɗi ya girmi iyakar da Turawan Ingila da Faransa suka shata. Sarautar Maraɗi kanta zuriyar sarakunan Katsina ne da suka ƙaura bayan jihadi. Raguna da shanu da wake da dabino na gangarowa kudu, masara da gero da kayan masana'antun Kano na hawa arewa, kuma akasarin wannan halastacce ne. Rufewa ta fi cutar mai halastaccen kaya, don shi ne ke bin babbar hanya. Mai fito ya san ɓarauniyar hanya, tsananin tsaro ma ƙara masa farashi yake yi. Sakamakon shi ne kuɗi ya taru a hannun 'yan kaɗan masu iya biyan kuɗin hanya, matsakaicin lissafi ya ci gaba da kyau a takarda, ɗan dako kuma ya koma gida hannu rabbana.

Wasu za su ce ma'aikacin birni ma ba a kan gadon fure yake ba, tunda cire tallafin mai a Mayun 2023 da faɗuwar naira sun cinye albashinsa. Haka ne. Amma shi yana da ƙungiyar ƙwadago, kuma a 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000. Mai lodin kaya a Magama ba shi da teburin da zai zauna a yi ciniki da shi. Faɗuwar naira ta ma fi yi masa illa ta wata fuska, domin sefa a ɗaure take da yuro, don haka ɗan Maraɗi da ya shigo kasuwar Jibiya da jakarsa yana iya ɗaga farashin buhun da ɗan gari ke tayawa. Manomi mai hatsin sayarwa ya ji daɗi, mai auna tiya ɗaya don tuwon dare ya ji a jikinsa.

Sai kuma masu cewa ba za a iya auna samun mutanen da ba su da takardar albashi ba, kuma ba wanda zai faɗa wa jami'in gwamnati gaskiyar cinikinsa. To ai binciken 2019 ɗin ma abin da gida ke kashewa ya auna, abinci da haya da magani da makaranta, kuma matar gida ta san tiya nawa aka ci a mako. Binciken talauci na 2022, wanda ya ce mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da yawa, ya sauko har matakin mazaɓar sanata. Saura taki ɗaya a kai ƙaramar hukuma, kuma jihar da ke da jami'o'i a Katsina da Dutsin-Ma ba ta rasa masu iya wannan aiki ba. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke a Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne kai tsaye, ya kamata a san wace ce ta fi buƙata da hujja. Kuma duk ranar da za a sake tunanin rufe iyaka, a sa lissafin asarar garuruwan boda a kan tebur tare da lissafin tsaro, a ware abin rage raɗaɗi daga harajin da ake karɓa a ƙofarsu.

Yanzu fata ya koma kan layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 aka ba kamfanin Mota-Engil, kuma zai ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Jirgi na iya rage tsadar sufuri ƙwarai, amma yana iya ɗaukar kaya daga Kano ya sauke a Maraɗi ba tare da an taɓa buhu ko ɗaya a Jibiya ba, ya kwashe har ɗan ladan dakon da ya rage. Abin da zai bambanta shi ne inda za a ajiye wurin binciken kwastam da rumbunan ajiya da kara ta dabbobi, da kuma ko za a farfaɗo da noman rani a madatsar ruwan Jibiya don garin ya samu tumatir da albasa da alkama na kansa da zai loda. Waɗannan shawarwari a yanzu ake yanke su, tun ana shimfiɗa ƙarfen, kuma wakilan Jibiya a majalisar jiha da ta tarayya ne ya kamata su nemi a nuna musu zanen tashar.