Abin Da Ya Fitar Da Ni Daga Ƙuncin Karaya

Yau ba labarin soyayya na zo da shi ba, wani laifi ne namu na marubuta nake son in fara amsawa da bakina. A littattafanmu idan jaruma ta yi haɗari ta karye, shafi biyu ne ko uku, an fita da ita Jamus ko Indiya, babi na gaba kuwa ga ta tana rangwaɗa da takalmi mai tsini. Ni kaina na rubuta haka ya fi sau uku. Sai da Allah Ya jarrabe ni da daminar 2023, adaidaita sahun da nake ciki ya kife, ƙashin cinyata ta hagu ya rabu biyu, sannan na san ƙarya muke sharara wa mutane.

An yi mini aiki, an zura ƙarfe ta cikin bargon ƙashin, bayan kwanaki aka sallamo ni. Zafin ciwo da sauƙi, akwai magani. Abin da ba shi da ƙwaya shi ne dare. Mace mai kai-kawo a gidanta ta koma sai an kama ta za ta kewaya. Ga 'yan dubiya, Allah Ya saka musu, amma kowacce da nata labarin: wance ma haka ta yi har yau tana ɗingishi, wane kuwa sai da aka yanke ƙafar, me ya hana a kai ki wajen mai ɗori tun farko? Suna fita sai in juya wa bango fuska in yi ta kuka. Da na koma asibiti aka ɗauki hoton ƙashin na ga tsagar tana nan kamar ranar farko, sai na yanke ƙauna. Likita ya ce, "Hajiya, komai na tafiya daidai," amma layin da ke bayana ba zai bar shi ya yi dogon bayani ba.

'Yata ce ta zo da waya wata rana ta ce, "Umma, kalli wannan." Bidiyo ne a YouTube na zane mai motsi, yana nuna yadda ƙashi ke haɗewa. Da farko jini ne ke taruwa ya daskare a wurin karayar. Cikin makonni biyu zuwa uku sai wani abu mai taushi kamar guringuntsi ya tsiro ya riƙe ɓangarorin biyu, kuma shi wannan ba ya fitowa sosai a hoto. Ashe dalilin da na ga tsaga ke nan! Daga baya yake ƙanƙarewa ya zama ƙashi, sannan jiki ya ɗauki watanni, har shekaru, yana sassaƙe shi. Ƙashin cinya shi ne mafi tsawo da ƙarfi a jikin ɗan Adam, warkewarsa kan ɗauki wata uku zuwa shida. Wallahi daren nan na yi barcin da rabona da shi tun ranar haɗarin.

To wannan shi ne ra'ayina: yawancin ƙuncin mai karaya daga rashin sani yake, kuma bidiyo yana da abin da likita ba shi da shi, wato lokaci. Sau goma za ki maimaita, ba zai gaji ba, ƙarfe biyun dare ma yana nan. A nan na gane ramewar cinyata ba shanyewa ba ce, rashin aiki ne, kuma motsa gwiwa da idon sawu da masu gashin ƙashi suke matsa mini a kai ba mugunta ba ce. Na kuma koyi cewa idan sharaɓa ta kumbura tana zafi, asibiti ake gudu, don jini na iya daskarewa a jijiya.

Sai dai wayar nan wuƙa ce mai kaifi biyu. Na taɓa faɗawa kan bidiyon yadda ake aikin a zahiri, da guduma da komai, kwana biyu ban ci abincin kirki ba. Ga masu tallar magani a TikTok da ke rantsuwa za su haɗa ƙashi a kwana bakwai. Shi ya sa na ɗaukar wa kaina doka: duk motsin da na gani sai na nuna wa mai gashin ƙashina kafin in gwada, kuma ban ɗora nauyi a ƙafar ba sai ranar da likita ya ce in taka.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk bidiyon da ya amfane ni da Turanci ne, ni mai sakandare ma sai 'yata na fassara mini wasu wuraren. Ina ga tsohuwar da ke gadon kusa da nawa, wadda ta karye a ƙugu? Likitocinmu Hausawa, minti biyar-biyar da harshenmu ya isa, in kuna neman mai tsara muku magana ga ni. Ni dai a littafin da nake rubutawa yanzu jarumar ta karye a babi na shida, kuma ba za ta ajiye sandunan dogarawa ba sai babi na goma sha ɗaya.