ZUMUNTA A ƘAFA TAKE

Jama'a 'yan'uwana mazauna Kurmi, yau ina so mu tattauna a kan wata amana wadda da yawa daga cikinmu muke zaton mun sauke, alhali kuwa tana nan a wuyanmu. Watau amanar mutanen da muke danƙa wa waɗansu su kula mana da su: yaron da ya kangare, da saurayin da ƙwaya ta rinjaya, da mai taɓin hankali, da tsohon da ƙarfinsa ya ƙare, da makaho ko gurgun da ba shi da majingina.

Kowa ya san yadda abin yake aukuwa. Mutum yana Ikko ko Badun ko Fatakwal yana neman abin sakawa a bakin salati, sai a aiko masa daga gida cewa ɗansa ya gagari kowa, a kawo shawarar a kai shi gidan mari. Saboda nisa da hidimar kasuwa sai uban ya amince, ya riƙa aika kuɗin abinci duk wata. In ya buga waya a ce masa, "Lafiya lau, yana ta karatu." Shi ke nan hankalinsa ya kwanta. Shekara ta zagayo, wata ta bi bayanta, bai taɓa taka ƙafa ya ga inda yaron yake kwana ba.

Abin da ya faru a shekarar 2019 ya isa ya farkar da mu. A watan Satumba 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka tarar da mutum fiye da 300, manya da yara, waɗansu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. A watan Oktoba aka gano irinsa a Daura, da kuma Ilori inda aka fito da mutum 108. Kada wani ya ce a Arewa kaɗai ake yi, domin a watan Nuwamba, a unguwar Ojoo cikin Badun, an kuɓutar da mutum 259, har da mata da ƙananan yara. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, da yawansu ba sace su aka yi ba. Danginsu ne suka kai su da hannunsu, da kyakkyawar niyya, suna kuma biyan kuɗi.

Doka dai ba ta yi shiru ba. Sashe na 34 na Tsarin Mulkin 1999 ya haramta azabtar da mutum ko wulakanta shi. A watan Janairu na 2019 aka sa hannu a kan dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda kuma ta hana a yi amfani da su wajen bara. A Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin Turawa. Amma doka ba ta da ƙafar shiga ɗakin da aka kulle. Sai ido ya gani, baki ya faɗa, sa'an nan hukuma ta motsa. Zalunci a gidajen kula da raunana ba ya bunƙasa sai inda mai gidan ya tabbata babu mai zuwa.

Wannan magana ba sabuwa ba ce. Tun a shekarar 1954 Dokta Adeoye Lambo ya fito da wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda ake saukar da masu taɓin hankali a gidajen mutanen ƙauye, kowane tare da ɗan'uwansa mai jinya, su riƙa zuwa karɓar magani da rana. Tsarin ya yi suna a duniya. Hikimar da ke cikinsa kuwa ita ce wadda iyayenmu suka sani tun fil'azal, watau hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Wani zai ce ai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, akwai malamai da ma'aikata masu tsoron Allah, kuma asibiti sai mai hali. Gaskiya ne. Da yawa suna aiki dare da rana, albashi kaɗan, majinyata da yawa, sun cancanci godiya. To, amma mutumin kirki ba ya ƙin baƙo. Mara gaskiya ne ko cikin ruwa yake gumi. Duk gidan da aka ce sai ka ba da sanarwa kafin ka zo, ko aka hana ka keɓewa da ɗan'uwanka, lalle akwai lauje cikin naɗi.

Saboda haka kafin ka bayar da mutum, tambayi ko gidan yana da rajista da ma'aikatar jin daɗin jama'a ta jiharsa, da likitan da ke duba marasa lafiya, da kuma wanda ke kula da ɓangaren mata. Bayan ka bayar, ka riƙa zuwa ba zato ba tsammani. In nisa ya hana ka, ka wakilta amintacce wanda ba shi da alaƙa da mai gidan. A dubi idon sawu da wuyan hannu da gadon baya. A lura ko ya rame, ko yana firgita in mai tsaronsa ya matso. In ya kawo kuka, kada a ce ai zancen mahaukaci ne ko ƙaryar kangararre, a bincika tukuna. In an ga ɓarna a sanar da 'yan sanda ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa. Mai taɓin hankali kuwa magani yake bukata, ga asibitocin Gwamnatin Tarayya a Yaba da Aro da Uselu da Inugu da Kalaba.

Ga kuma kira ga Sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa, daga Agege da Idi-Araba har Sabon Badun. Akwai mutanenmu a Oko-Baba da ke Ebute Metta, akwai kuma waɗanda ake kwashewa daga titi a kai Majidun ta Ikorodu. Me zai hana kowane zango ya naɗa mutum biyar, cikinsu har da mata, su haɗa kai da sarkin makafi da sarkin guragu, su nemi izinin hukuma su riƙa kai ziyara duk wata, suna rubuta sunan kowa da garinsu? Ma'aikacin da ya tona asirin zalunci kuma a tsaya masa, kada a bari a raba shi da abincinsa. Wakilan da muka zaɓa su ma a tambaye su nawa aka ware wa masu binciken gidajen nan.

Jama'a, kuɗin da muke aikawa ba su sauke mana nauyi ba. Ranar gobe ba za a tambaye mu rasit ba, za a tambaye mu mutum. Wanda ke da ɗan'uwa a hannun wasu, ya shirya ya je ya gan shi kafin wata ya mutu. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.