Kwalba mai kuɗi ba ta kwana a juji

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na Tasawa da Mayahi, ku tuna yadda ake sayen lemo a da. In za ka tafi da kwalba gida, sai ka bar wa mai kanti kuɗin jingina. Ranar da ka maido kwalba, ya maido maka kuɗinka. Shi ya sa ba a ganin kwalba a juji.

Yau gorar roba da leda sun yi yawa. A sha, a jefar. Ku dubi fili bayan kasuwa ta watse. Akuya ta ci leda, cikinta ya cushe, ta rame, wani lokaci ta mutu. Da damina leda tana toshe hanyar ruwa, ruwa ya kwanta, sauro ya yawaita. Takin juji ma da muke kaiwa gona cike yake da roba.

A shekarar 2014 gwamnatin Nijar ta kafa dokar hana yin leda maras kauri, da shigo da ita, da sayar da ita. Niyya mai kyau ce. Amma har yau leda tana ko'ina. Hani kaɗai bai isa ba.

Doka aba ce da ake gyarawa. A ƙasar Jamus, tun 2003 aka sa jingina a kan gorar roba da gwangwanin abin sha. Kuɗin ya kai kimanin dala 33 a kuɗinmu. A 2022 aka ƙara da gorunan ruwan ƴaƴan itace, a 2024 kuma aka ƙara da na madara. Yanzu fiye da gora 9 cikin 10 suna komawa kanti.

A ganina, tamu dokar ma tana bukatar wannan gyara. A sa wa kowace gora kuɗi, ko da dala 5 ne. Mai kanti ya karɓi fanko, kamfani ya kwashe kayansa. Abin da ke da kuɗi ba ya rasa mai tsinta. Mu kai wannan magana gaban hukuma da sarakunanmu.

Kafin nan, mu tsince leda daga taki da wurin kiwo. Mai zuba sobo ko kunu a tsohuwar gora ta wanke ta da sabulu. Gorar maganin ƙwari kuwa, kada a zuba abin sha a ciki har abada. Rigakafi ya fi magani.