Dokar "shida kuma": yadda masu tsaron gida ke wasa da hankalin alƙalai a ragbin Ostireliya

A wasan ragbi lig, ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo dama shida gare ta. In aka kayar da 'yan wasanta sau shida ba ta ci ba, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Bayan kowace kayarwa kuma, dole masu tsaron gida su ja baya mita 10.

Nan dabarar take. Wanda ya kayar da mutum yakan danne shi na 'yan daƙiƙu don 'yan'uwansa su samu jera sahu. Ƙungiyoyin gasar NRL ta Ostireliya har masu koyar da kokawa suka riƙa ɗauka saboda wannan aiki.

A 2020 hukumar gasar ta kawo doka: in an yi wannan jan ƙafa, alƙali ba zai busa usur ba, hannu zai kaɗa a sake ƙirga shida daga farko. Wasa ya yi sauri, gaskiya ne. Amma kociyoyi suka gano cewa laifi a kayarwar farko kusan kyauta ne, tunda dama ɗaya kawai za ta ƙaru. Sai aka riƙa yinsa da gangan. Ala tilas a 2022 aka dawo da bugun hukunci idan masu ƙwallo suna cikin mita 40 daga gidansu.

A ganina nauyin ya yi wa alƙali yawa. Da yake wasa ba ya tsayawa, kyaftin ba shi da damar ƙalubalantar wannan hukunci, 'yan kallo kuwa ƙararrawa kawai suke ji, sau da yawa ba su san laifin wa ba ne.