Tantabarar da ta taso daga Yamai

A wannan karo za mu ɗan jingine zancen makaranta da na kuɗin jarrabawa, mu taɓa batun kiɗa, kiɗan ma irin mai ƙarar nan da kan sa dattijo ya ɗaure fuska. Ina nufin kiɗan jita mai aiki da lantarki wanda Turawa ke kira rok, musamman nau'insa mai kaushi, inda ake ƙara wa jita wuta har muryarta ta dushe ta koma kamar gurnani.

Galibin mutanenmu na New Bell da Kotto sun ɗauka wannan kiɗa na Turawa ne, ko kuwa na wuraren shaƙatawar Akwa da Deido, Bahaushe ba shi da ko sisi a ciki. Su kuma yaranmu sun raba kiɗan Hausa gida biyu: akwai na kakanni, watau su Shata da Ɗan Maraya, akwai kuma na fina-finan Kano wanda mutum ɗaya ke haɗawa da fiyano da kwamfuta. To, akwai wani faifai da nake so in ajiye a gabanku wanda bai shiga ko ɗaya daga cikin gidajen nan biyu ba. Sunansa Tantabara, na ƙungiyar Tal National ta birnin Yamai a Jamhuriyar Nijar, kuma ya fito ne a watan Fabrairu na 2018.

Kafin mu je can, bari mu ɗan leƙa wajen masu abin. Akwai wata tsohuwar ƙungiya mai suna AC/DC da wasu 'yan'uwa biyu, Malcolm da Angus Young, suka kafa a birnin Sidni na Ostareliya a 1973. Mawaƙinsu Bon Scott ya rasu a 1980, suka ɗauki wani suka ci gaba. Shi kansa Malcolm ya rasu a watan Nuwamba na 2017, jama'a suka ce to, shi ke nan, an naɗe tabarma. Sai ga su a watan Nuwamba na 2020 da sabon faifai mai suna Power Up, wanda ya hau kan gaba a kasuwar Amurka da Ingila da Jamus. A lokacin Angus na da shekara 65, kuma bai daina hawa dandali da gajeren wando da rigar 'yan makaranta ba. Ni dai a matsayina na malami ban taɓa ganin ɗalibin da ya daɗe bai gama makaranta kamarsa ba.

Masu suka sun daɗe suna cewa mutanen nan faifai ɗaya suke ta maimaitawa shekara da shekaru. Masoyansu kuwa ba su musa ba, cewa suke yi abin da ya sa suke saye ke nan. Wannan magana bai kamata ta ba Bahaushe mamaki ba. Marigayi Alhaji Mamman Shata ya shafe fiye da shekara hamsin da kalangu da 'yan amshi har ya koma ga Mahaliccinsa a 1999, kuma babu wanda ya taɓa zuwa ya ce masa ya sake salo. Abin da kunne ke nema wajen tsofaffin makaɗa shi ne hannuwan da suka saba da juna, inda mai ganga ya san inda mai jita zai faɗa tun bai faɗa ba. Wannan sabo kuwa ba a sayensa a kasuwa, sai an yi dare ɗari da ɗari tare.

To, a nan ne labarin Tal National ya ja hankalina. Wanda ya kafa ta a shekarar 2000 shi ne Hamadal Issoufou Moumine, wanda aka fi sani da Almeida. Mutumin nan ya buga ƙwallon ƙafa, ya yi aikin alƙalanci a Yamai, ya kuma yi aiki da gidan marayu na SOS, sannan da dare ya rataya jita. Sunan ƙungiyar ya samo asali ne daga rairayin Tal da ke kusa da Gigimi a yankin Diffa, can wajen Tafkin Chadi, watau ba nesa ba ne ƙwarai da ƙarshen arewacin ƙasarmu. A cikinta akwai Zabarmawa da Hausawa da Fulani da Buzaye, kuma kowa na kawo waƙar gidansu a yi ta da harshensa. Duk wanda ya tashi a New Bell ya san irin wannan zama. Tun da Jamusawa suka yanka unguwar a 1914 ta zama masaukin baƙi, Bahaushe na maƙwabtaka da Bamileke da Basa da Ewondo, kowa da harshensa, famfo ɗaya.

Yadda suka yi aikinsu a shekarun da suka yi tashe shi ne abin dubawa. Sukan yi wasa dare biyar a mako, kowane dare wajen awa biyar ba tsayawa. Yawansu ya wuce goma, amma mutum shida ke hawa dandali a lokaci guda, in wani ya gaji ya sauka wani ya karɓa, kiɗa bai yanke ba. In buki biyu ya haɗu a dare ɗaya sai su rabu gida biyu. Faya-fayansu kuma da kansu suke fita su sayar a shataletalen Yamai, domin babu wani kamfani a ƙasar da zai raba musu. Ku lissafa da kanku: awa 25 a mako, shekara bayan shekara. Ɗalibin da ya ba lissafi rabin wannan lokaci, ai sai dai mu malamai mu koma muna tambayarsa.

Matsalar irin wannan ƙungiya ita ce ranar da za ta shiga ɗakin ɗaukar sauti. Yaya za a ɗauki wutar awa biyar a dunƙule ta cikin waƙar minti biyar? Ƙungiyoyi da yawa a nan suke faɗuwa. Sai a kai su Turai, a raba su ɗaki-ɗaki, a goge ko'ina har abin ya fito fes amma ba rai, kamar miyar da aka tsame wa daddawa. Almeida ya bi wata hanya dabam. Maimakon ya kwashi mutum goma sha zuwa ƙasar waje, sai ya gayyato mutum ɗaya, wani masanin ɗaukar sauti daga Shikago mai suna Jamie Carter, ya zo Yamai da kayan aikinsa. A can cikin ƙura da zafi aka yi aikin. Haka aka ɗauki Kaani, wanda kamfanin FatCat na birnin Brighton a Ingila ya fitar wa duniya a 2013, sai Zoy Zoy a 2015, sannan Tantabara.

Faifan na da waƙoƙi takwas. Tun daga ta farko ba sallama ba gaisuwa, ganguna ne ke faɗo maka gaba ɗaya, jita biyu na bin juna a guje, ɗaya na saƙa ɗaya na warwarewa. Wanda ya saba da rok na Turawa zai ji wani abu ya bambanta, ko da bai iya faɗin mene ne ba. Abin shi ne, su AC/DC tafiyarsu ƙirga huɗu ce, ɗaya biyu uku huɗu, kamar faretin soja. Su kuwa mutanen Yamai sau da yawa sukan ɗora ƙirgar uku a kan ta biyu a lokaci guda, ta yadda ƙafarka na bin ɗaya, kafaɗarka na bin ɗayar. Mu nan ba baƙonmu ba ne, domin haka bikutsi yake, haka kuma kiɗe-kiɗen bukinmu da yawa suke.

Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne kalangu. A tsakiyar wannan hargowa ta lantarki akwai mai kalangu, kuma ba ado aka ajiye shi ba, yana cikin masu jan ragama. Kowa ya sani kalangu magana yake yi. Makaɗi na matse tsirkiya a hammata, murya ta hau, ya saki ta sauka, daidai yadda harshenmu ke hawa da sauka. Kuma a al'adar Hausa kalangu gangar mahauta ce, ita ake kaɗa wa Sarkin Fawa da mutanensa. To, ku dubi sana'ar da aka san mu da ita a Duwala. Daga kan masu yanka har masu tukubar soya a bakin titi, da yawa daga cikin gidajenmu da wuƙa da nama aka gina su. Ke nan gangar da ke magana a cikin wannan faifai da Ingila ta buga, gangar iyayen yaran nan ce da ke cewa kiɗan Hausa na tsofaffi ne.

Ita ma jitar in ka saurara da kyau, tafiyar gurmi da molo take yi. Akasarin kiɗanmu na gargajiya a kan sautuka biyar yake yawo, kuma a kan irin waɗannan sautuka biyar ɗin ne baƙaƙen fatar Amurka suka gina kiɗansu na bulus, wanda daga cikinsa rok ya fito. Shi ya sa lokacin da wani baƙon mai jita, Yonatan Gat, ɗan Isra'ila mazaunin New York, ya shigo cikin waƙar Entente, ba a ji ya yi karo da kowa ba. Har ila yau akwai muryar Zara Moussa, ɗaya daga cikin matan farko da suka yi suna a kiɗan rap a Nijar.

Mu mutanen Kamaru mun riga mun ga irin wannan a gida. Messi Martin na ƙungiyar Los Camaroes, wadda ta faro daga Marwa kafin ta sauka Yawunde, shi ne ya yi dabarar danne wayoyin jita har ta riƙa fitar da sautin balafon. Daga baya Les Têtes Brûlées suka zo a wajajen 1987 da askin kansu na ban mamaki da fenti a jiki, suka mai da bikutsi rok sosai. Gwanin jitarsu Zanzibar ya rasu a 1988 yana matashi, amma ƙungiyar ta ci gaba har ta raka 'yan ƙwallonmu Italiya a 1990. Ewondo ba su ce jita ta Bature ce ba, sun kama ta sun koya mata yarensu. A ɓangarenmu ma an yi: Bala Miller a Kaduna, da marigayi Sa'adu Bori na Maraɗi, wanda shi da Moussa Poussy suka fitar da Niamey Twice a 1994. Sai dai hanyar ba ta samu mabiya da yawa ba, musamman bayan da fiyano ya shigo ya nuna wa masu buki cewa mutum ɗaya ya fi mutum shida arha.

Kada a ce na zo tallar kaya, faifan na da nasa aibu. Ba ya hutawa. Daga farko har ƙarshe gudu ne, kuma kunnen Bahaushe ya saba a ba magana wuri, a ji abin da mawaƙi ya ce, a yi dariya ko a girgiza kai. A nan sau da yawa ganguna kan taka muryar, ga shi kuma harsunan suna da yawa, wanda Hausa kaɗai yake ji zai tsinci nasa ne jefi-jefi. A ganina Kaani ya fi shi sarari da numfashi, kuma da shi ya kamata sabon mai sauraro ya fara. Amma in ana maganar ƙarfi da haɗin hannu, Tantabara ne gaba. Ƙungiya ce mai shekara 18 a lokacin, tana kiɗa kamar yaran da aka ba dama sau ɗaya tak.

Na san akwai iyaye da za su ce, Malam, yaran da muke fama su yi karatu kai kuma kana nuna musu hanyar kiɗa? Tambaya ce mai kyau. Amma yaran nan kiɗa suke ji dare da rana, da izininmu ko ba da shi ba. A aji ina ganin yaro sunansa na Hausa, gidansu na Hausa, amma in ka yi masa magana da Hausa sai ya mayar maka da Faransanci ko Fijin, kuma in ka bincika wayarsa ba za ka sami waƙa ɗaya da harshen uwarsa ba. Wani ma ko sunan faifan nan ka faɗa masa, sai ka fassara masa cewa tsuntsuwar nan ce da ake kiwo a bayan gida. Yaro ba ya riƙe harshen da yake ganin na masu fita daga duniya ne. In ya ji kalangu na gogayya da jitar lantarki bai ji kunya ba, wataƙila ya koma gida ya tambayi kakansa abin da gangar ke cewa.

Ga masu son ji, faya-fayan uku duk suna kan intanet. Roƙona kawai kada ku saurara da ƙaramar lasifikar waya, domin tana cinye jitar bas da ƙasan ganguna, sai a bar ku da ƙarar sama kawai, ku ce Malam ya yaudare ku. Ku nemi lasifika mai ɗan girma, irin ta masu shagon aski ma ta isa. Ƙungiyoyin samarinmu kuma da ke shirya wasan Sallah kowace shekara, ga shawara kyauta: akwai masu kalangu a unguwa da ake kira bukukuwa, akwai kuma yaran da suka iya jita amma makosa kaɗai suke bugawa. A haɗa su ɗaki ɗaya na wata uku kafin Sallah, a ga abin da zai fito.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, inda za mu koma kan batun littattafan karatun yara da tsadarsu a bana.