Kimiyya a Sauƙaƙe: Makullin da mota ke yi wa tambaya

A wannan mako filin namu zai duba wani abu da ke ɗaure wa direbobi kai. Mutum ya kai makullin motarsa an yanko masa irinsa, sabon ya buɗe ƙofa, ya juya cikin kwantak, amma inji ya ƙi tashi. Laifin ba na mai yankan ba ne: makullin zamani ya wuce ƙarfe.

Cikin baƙar robar da ke kan makullin akwai wata ƴar na'ura da ba ta fi ƙwayar shinkafa da yawa ba, wadda masu gyara ke kira pus. Ba ta da batir. A kewayen ramin kwantak kuma akwai zobe na siririyar wayar tagulla. Da zarar an murɗa makulli, zoben zai saki igiyar rediyo, galibi mai kilohaz 125, wadda ke ba pus ɗin wutar da zai farka ya faɗi lambarsa ta sirri. Ƙwaƙwalwar injin sai ta gwada lambar da wadda take riƙe da ita. In sun dace, ta saki mai da wutar buji. In ba su dace ba, ta hana. A sababbin motoci ma, kowane tashi motar na jefa sabuwar tambaya, makulli ya lissafa amsa. Saboda haka tsohuwar dabarar ɓarayi ta haɗa wayoyi biyu ƙarƙashin sitiyari ta daina ci.

Wannan tsari ya bazu ne daga Turai. Bayan faɗuwar katangar Balin a 1989 satar motoci ta yi ƙamari a Jamus, har kamfanonin inshora suka matsa wa masu ƙira. A 1998 Tarayyar Turai ta wajabta shi a kan kowace sabuwar mota, Kanada ta bi baya a 2007. Wani binciken masana tattalin arziki da ya fito a 2016 ya nuna ya rage satar da kimanin kashi 40 cikin ɗari. A Amurka kuwa, inda doka ba ta tilasta ba, samari sun yi ta kwashe motocin Kia da Hyundai marasa shi a 2021 da 2022.

To, ina ruwanmu? Da yawa cikin motocin da ke yawo a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa tsofaffin Turai ne da suka shigo ta Kwatano ko Lome, wasu da makulli guda tak. Ran da ya ɓace, sai an samo mai na'urar da za ta gabatar wa motar da sabo, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne. Don gudun wannan wasu ke ɓalle pus su manne shi jikin zoben, ko su sa a kashe tsarin baki ɗaya. Araha ba ta ado: wanda ya yi haka ya sallami mai gadinsa da hannunsa, kowane yankakken ƙarfe zai tada motar.

Shawararmu ita ce, kafin ka biya kuɗin mota ka nemi makulli biyu, ka tada inji da kowanensu. In ɗaya ne, ka yi na biyu tun na farkon yana hannu, ka adana shi a gida.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.